Hutun Bazara a Alƙahira: Tambayoyin Ɗalibai da Amsoshinsu

Da zarar dogon hutu ya ƙarato, ɗalibai masu shirin zuwa Masar na wata biyu ko uku sai su fara tambaya, su da iyayensu. Wasu kwas ɗin Larabci za su je, wasu wurin yayyensu da ke karatu a Azhar, wasu kuma so suke su ga garin da idonsu kafin su nemi gurbin karatu a can. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Wata biyu zai ishe ni in iya Larabci?

Ba zai isa ka ƙware ba, amma zai isa bakinka ya buɗe. Cibiyoyin koyar da baƙi Larabci suna da yawa a unguwar Madinatu Nasr. Galibi sukan gwada ka ranar farko, su sa ka a matakin da ya dace da kai, darasi awa biyu ko uku a rana, hutu Juma'a da Asabar.

Abin da ke cinye wa ɗalibanmu hutunsu shi ne daga aji sai gida. A gida kuwa abokan zama duk 'yan garinmu ne, hira da Hausa, kallo da Hausa, tuwo da dare. Sai yaro ya dawo da takardar shaida a jaka, amma bai taɓa tsayawa ya yi ciniki da mai tumatir ba, bai taɓa ɓata hanya ya tambayi wani dattijo ba. Ban hana ka zama da 'yan'uwa ba, su ne gatanka idan ciwo ya zo. Abin da nake roƙonka, ƙanena, shi ne ka ɗauki fita cikin gari da muhimmanci kamar yadda ka ɗauki aji. Kuɗin jirgin da aka biya maka, na ganin Alƙahira ne. Nahawu kam akwai masu koyar da shi a Kano da Damagaram.

Na yi Larabci a makaranta. Zan ji abin da suke faɗa?

Makon farko da ƙyar. Abin da ake yi a titi ammiyya ce, wato Larabcin gargajiya na Masar, ba fusaha ba, wato Larabcin littafi da ake koyarwa a makaranta. Suna mayar da jim ya zama "g", ƙaf kuma su haɗiye shi, sai ka ji raƙumi ya zama "gamal", gahawa ta zama "ahwa". Ga sauri. Idan ka yi musu fusaha za su gane ka sarai, wasu su yi murmushi su ce sannu ya shehi, amma amsar da ammiyya za ta zo. Ka riƙe 'yan kalmomi tun daga gida: "izzayyak" gaisuwa, "bikam" nawa ne, "fen" ina, "ayiz" ina so ("ayza" ga mace), "ma'alesh" yi haƙuri. Kada ka yarda da masu cewa ammiyya za ta ɓata maka fusaha. Malaman Azhar da kansu da ita suke sayen burodi.

Yaya zafin garin yake?

Lokacin da damina ta zauna a gida, can tsakiyar zafi ne. A Yuli da Agusta rana takan kai digiri 35 zuwa 40, ruwan sama babu ko ɗigo. Ɗan Sakkwato ko Yamai ba zai ce bai taɓa ganin irinsa ba, sai dai siminti da kwalta da hayaƙin mota sukan riƙe zafin har bayan magariba. Shi ya sa garin ya mayar da rayuwarsa dare. Bayan isha'i ne kasuwa ke cika, iyalai su fito da yara su jeru a gadar Ƙasarun Nil suna shan iska, har ɗayan dare kana iya samun mai aski a buɗe.

Ka bi tsarinsu. Wuraren da babu inuwa, kamar dalar Giza da Ƙal'a (tsohuwar ganuwar da ke kan tudu), da sassafe. Daga azahar zuwa la'asar gida, ko gidan tarihi, ko cikin masallaci. Yawon ƙafa da yamma. Kada gorar ruwa ta bar hannunka. A lokacin bazara agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, a tuna da wannan kafin a kira gida.

Waɗanne takardu zan tanada?

Fasfo mai sauran aƙalla wata 6, biza daga ofishin jakadancin Masar tun kafin ka tashi, da katin rigakafin shawara, don ana iya tambayarsa a filin jirgi. Idan wata cibiya ce ta karɓe ka, ka buga takardarta ka riƙe. Bizar baƙo galibi kwana 30 ce. Idan zamanka zai wuce abin da aka buga maka, sai ka je ofishin fasfo da shige da fice da ke Abbasiyya, ka je da asuba, ka je da wanda ya taɓa yi. Kada ka bari sai kwanakin sun ƙare. Kullum kwafin fasfo da na biza su kasance a aljihunka.

A ina zan sauka?

Mafi yawan ɗalibanmu suna Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir da unguwannin da ke kusa da ita, saboda haya da sauƙi kuma kusa da cibiyoyin Larabci. Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya masaukin ɗaliban Azhar ne na ƙasashen waje, ba a ba baƙon hutu ɗaki a can. Wanda ransa ke kan darussan masallacin Azhar, unguwar Darrasa ta fi masa, don da ƙafa zai riƙa zuwa.

Ga mai wata biyu, gara ya shiga gidan da ɗalibai suka riga suka kama, a raba kuɗi. Idan ta dillali ne, wanda suke kira "simsar", kada ka ba da ko sisi sai ka ga gidan. Ka buɗe famfo, don a benaye masu tsawo ruwa ba ya hawa sai da inji. Ka tambaya ko lif yana aiki. Ka guji hawa na ƙarshe, rana a kansa take yini. A rubuta kuɗin ajiya a takarda. Sannan ka gaida mai gadin gidan, "bawwab", kullum da girmamawa: shi ya san mai gyaran famfo, shi ya san mai iskar gas, shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita.

Yaya zan yi da zirga-zirga a gari mai mutum sama da miliyan 20?

Metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, shi ne babban abokinka. An buɗe layin farko a 1987, shi ne irinsa na farko a Afirka, yanzu layi 3 ne. Tashoshi kaɗan za ka haddace: Sadat ita ce dandalin Tahrir, Shuhada ita ce babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, Ataba kasuwa ce kuma daga nan ake gangarawa Azhar, Mar Girgis kuma tsohuwar Masar.

Inda metro bai kai ba, ƙananan bas ne farare. Babu kwandasta a mafi yawansu. Kana zaune a baya sai ka taɓa kafaɗar na gabanka ka miƙa masa kuɗi, ka faɗi na mutum nawa ne, shi ma ya miƙa gaba, har su isa hannun direba yana tuƙi. Canjinka kuma ya biyo hanyar nan ya dawo maka cif. Wanda ya zauna kusa da direba ya zama ma'aji ko yana so ko ba ya so. Idan za ka sauka sai ka ɗaga murya ka ce "ala gamb ya usta". Ranar da ka faɗi haka direba ya tsaya ba tare da kowa ya waiwayo ya kalle ka ba, ka fara zama ɗan gari. Da dare ko da kaya, Uber da inDrive suna aiki, kuma sun raba ka da gardamar kuɗin tasi.

Tsallaka titi kuwa, ka tsaya gefen wani Bamisire, ya zama shi ne tsakaninka da motoci, ka taka yadda ya taka. Kada ka ruga, kada ka ja da baya a tsakiya.

Daga ina zan fara zagaya gari?

Ka bi shi yadda ya girma, daga kudu zuwa arewa, sai tarihin ya zauna maka a kai ba tare da hadda ba.

Fara da Fusɗaɗ, garin da Amru ɗan Asi ya kafa bayan buɗe Masar wajen shekarar 641. Masallacinsa yana nan, an sha rushewa da sake ginawa, amma wurin shi ne. Taku kaɗan daga nan unguwar Kibɗawa ce, Kiristocin Masar, da tsofaffin majami'unsu, har da wadda suke cewa nan Nana Maryamu ta fake da Annabi Isa. Ka shiga da ladabi yadda kake so a shiga masallacinka.

Wata rana ka ware ta ga masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879. Duk garin babu wurin da na fi so kamarsa. Daga ƙofa hayaniyar motoci take yankewa, ka tarar da fili fetal kewaye da rumfuna, sau da yawa babu kowa sai tattabaru da mai tsaron takalma. Matakalar hasumiyarsa ta waje take nannaɗe, ba ta ciki ba. Ka hau, ka duba gabas, ga Ƙal'a a kan tudu, wadda Salahuddin Ayyubi ya fara ginawa a 1176. A gindinta masallacin Sultan Hasan yake, na ƙarni na 14, mai ɓangare huɗu, kowace mazhaba da makarantarta. Ka nemi ɓangaren Malikiyya.

Sai kuma Alƙahira ta ainihi, wadda Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, ya zana a 969, ya aza tubalin Azhar shekara guda bayan haka. Ka shiga ta Babul Futuh bayan la'asar, ka bi titin Mu'izzu har Babu Zuwaila. Ƙofofin nan na dutse tun ƙarshen ƙarni na 11 suke tsaye. A hanya za ka wuce ginin Sultan Ƙalawun, wanda ya haɗa makaranta da asibiti tun 1285, ka wuce wuraren da masu hali suka gina don shayar da matafiya ruwa kyauta, sama kuma makarantar allo ta marayu. Al'adar ba ta mutu ba: har yau za ka ga tuluna ko na'urar ruwan sanyi a bakin titi, wani ya ajiye sadaka. Ka riƙa ɗaga kai. Ga yaro a kan keke ɗauke da faffaɗan faranti na burodi a ka, hannu ɗaya a sitiyari, yana ratsa cunkoso. Ga wata uwa daga hawa na huɗu ta zuro kwando da igiya, mai kanti ya ɗauki kuɗi ya zuba mata kaya ta janye.

Kasuwar Khan Khalili tana tsakiyar wannan hanya. Wanda ya saba da lungunan kasuwar Kurmi ba zai rikice ba: kowane lungu da sana'arsa, kuma kuɗin farko da aka faɗa maka ba shi ne kuɗin ba.

Akwai abin da ya haɗa mu da wannan birni, ko baƙi ne mu kawai?

Ba yau muka fara zuwa ba. Tun a shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, don masu karatu da mahajjatansu. Mansa Musa na Mali ya yada zango a nan a 1324 kan hanyarsa ta Makka. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas wasiƙar nasiha. A cikin Azhar, lokacin da ake raba ɗalibai rumfa-rumfa bisa ƙasashensu, Barnawa suna da tasu. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin lissafi, a nan ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Shehu Hasan Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Ga wanda ya yi karatun zaure kuwa, abin ya fi haka kusa. Shehu Khalil mai Mukhtasar ɗan Alƙahira ne. Shehu Dardir, wanda ya yi masa sharhi, masallacinsa da kabarinsa suna wani lungu bayan Azhar. A maƙabartar Ƙarafa Ibnul Ƙasim da Ashhabu suke kwance, almajiran Imam Malik da sunansu ba ya barin bakin malamanmu, can kuma babbar ƙubbar Imam Shafi'i take. Tun daga 2020 ana ta rushe wasu sassan maƙabartun nan don fitar da manyan tituna, abin da ke damuna ƙwarai. Wanda ya samu dama ya je ya gani, kada ya ce sai wani zuwan.

A masallacin Azhar ana darussa kyauta ga duk mai so. Ko ba ka fahimci komai ba, ka zauna a halƙa ɗaya, wato da'irar ɗalibai a gaban malami, daga farko har ƙarshe.

Dalar Giza da gawarwakin fir'aunoni fa, ya dace in je?

Ka je. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, kuma hoto ba ya nuna girman dutse ɗaya daga cikinta sai ka tsaya kusa da shi. Masu raƙuma da dawakai za su yi maka caa; kada ka hau sai kun yanke kuɗin hawa da na sauka da tsawon tafiya. Gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 an mayar da su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ a Afrilun 2021. Za a nuna maka Ramsis na biyu, wani ya rantse maka shi ne Fir'aunan Annabi Musa, alhali masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba. Ko ma wane ne, mutum ne da ya mulki ƙasar nan shekara 66, ga shi kwance cikin gilashi, gashinsa da faratansa a bayyane. Kayan Tutankhamun suna sabon babban gidan tarihi kusa da dala. Katin ɗalibi na ƙasa da ƙasa yana rage kuɗin shiga zuwa rabi, kuma wurare da yawa yanzu da katin banki kawai ake biya.

Me zan ci?

Da safe "ful", dafaffen wake da mai, da "ɗa'amiyya", dangin ƙosai ce, a cusa cikin burodinsu mai faɗi. Da rana "koshari": shinkafa da makaroni da adas (dangin wake) da soyayyar albasa da miyar tumatir, a zuba ruwan tafarnuwa da yaji. Da arha, da ƙosarwa. Miyar lalo ita ce "mulukhiyya", zobo da tsamiya da goruba duk ana shan su da sanyi, ruwan rake kuma a gabanka za a matse, ka sha nan take kafin ya yi baƙi. Agusta watan mangwaro ne. Ka taho da yajinka da daddawa da kuka, nasu abincin ba ya jin barkono. Makon farko ka tsaya a ruwan gora, ka ci inda ka ga layi.

Nawa zan tanada?

Duk adadin da aka faɗa maka bara ya tsufa. A Maris 2024 kaɗai fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala ɗaya. Ka tambayi wanda yake can a wannan watan kuɗin haya, na makaranta, da na abinci, ka ɗora wani abu a kai saboda rashin lafiya. Ka taho da dala, ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi kawai. Canjin bayan fage laifi ne da ake kama mutum a kansa. Ka riƙa tara ƙananan kuɗi, don mai tsaron takalma da mai ɗaukar kaya duk suna sa ran ɗan ihsani.

An ce suna nuna wa baƙar fata wariya. Gaskiya ne?

Akwai, ba zan ɓoye maka ba. Za ka iya jin yara ko samari sun jefo "samara" ko "shikolata" suna dariya, wani mai gida ya ƙi ba ka haya, wani mai kanti ya tsallake ka ya sallami na bayanka. Yana da ciwo, ballantana daga wanda kuka tsaya sahu ɗaya. Kada ka tanka wa 'yan tasha, kada ka kai hannu. Kai baƙo ne, rigima ba za ta yi maka kyau ba. Kuma kada ka bar shi a cikinka, ka faɗa wa 'yan'uwa. Amma a garin nan dai za ka tambayi hanya mutum ya bar shagonsa ya raka ka har kwana, tsohuwa ta ji kai ɗalibi ne ta bi ka da addu'a, mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinka. Kada na farkon ya kulle ka a ɗaki har ka rasa na biyun.

Ni mace ce. Zan iya wannan yawon?

Za ki iya, 'yar'uwa, ɗalibai mata da yawa suna yi. A kowane jirgin metro akwai taragun mata a tsakiya, da alama a dandamali inda suke tsayawa. Tsokana a titi matsala ce da su kansu matan Masar suke kuka da ita. Ki fita da abokiya, ki zauna kujerar baya a tasi, ki tura wa wata bayanin motar. Idan wani ya matsa miki, ki ɗaga murya, ki nufi inda manyan mata suke. Suna tsaya wa mace.

Me zan kiyaye don kada in shiga hannun hukuma?

Kada ka ɗauki hoton 'yan sanda, sojoji, shingen bincike ko ginin gwamnati. Kada ka shigo da jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto. Siyasar ƙasar ba taka ba ce, a tasi ko a Facebook. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, zuwa ko dawowa. Ka san inda ofishin jakadancin ƙasarka yake. Na Najeriya yana Zamalik.

Zan iya leƙa wani gari?

Iskandariyya, awa 3 ko ƙasa da haka a jirgin ƙasa daga Ramsis. Ga teku, ga ganuwar Ƙaitbai, ga babban ɗakin karatu da aka buɗe a 2002, ga masallacin Imam Busiri mai Burda. Luksor da Aswan a bar su sai lokacin sanyi.

Ina ake sayen littattafai?

Babban bajekolin littattafai a Janairu ake fara shi, ba za ka same shi ba. Amma lungun Darbul Atrak da ke bayan Azhar cike yake da shagunan littattafan addini da na lugga, tsofaffi kuma sai Surul Azbakiyya kusa da tashar Ataba. Ka zo da jerin da malaminka ya rubuta maka, har da sunan maɗaba'a, domin littafi ɗaya yana da bugu mai kyau da bugu mai cike da kurakurai. Kafin ka biya ka kirga juzu'ai, ka buɗe tsakiya ka duba ko akwai fararen shafuka. Ka bar sayayyar sai makon ƙarshe, lokacin ka san farashi kuma bakinka ya iya ciniki, sannan ka auna jakarka tun a gida kafin ka nufi filin jirgi.